Tagogi Shida da Baƙar Igiyar da Ta Kusa Rufe Mana Ɗakin Karatu

Tun daga tsakiyar watan Disamba, da iskar hunturu ta fara busowa, gilasan ɗakin karatun makarantarmu suka shiga kaɗa haƙora kamar yaron da aka yi wa wanka da asuba. Ina ajina na CM2, bango guda ne tsakaninmu, amma ina jin ƙararsu, kar-kar-kar, har cikin darasin lissafi. Da safe in na buɗe ɗakin sai in tarar ƙura ta ja layi a ƙarƙashin kowace taga, ta hau tebura, ta shige tsakanin littattafai. Yara su share yau, gobe ta dawo. Ni ke riƙe da makullin ɗakin, saboda haka duk wanda ya ga ƙurar, ni yake juyowa ya kalla.

Wanda bai san makarantun karkara ba zai ce mene ne abin dogon zance a kan taga. Makarantarmu tana wani gari ne a jihar Maraɗi. Azuzuwanmu tara, shida na siminti, uku na zana da ake sake kafawa kowace shekara bayan an kawar da amfanin gona. Na simintin duka tagogin ƙarfe gare su, kuma ba mu da lantarki. In ka buɗe, iska ta kwashe takardu ta cika wa yara ido da ƙasa. In ka rufe, na layin baya ba ya ganin allo. Tun da na fito daga makarantar horar da malamai ta Damagaram, fiye da shekara ashirin ke nan, tsakanin waɗannan biyun nake zaɓi kowane hunturu: ko ƙura ko duhu.

Ɗakin karatun ne kaɗai ya fita daban. Wata ƙungiyar agaji ce ta gina mana shi shekara bakwai da suka wuce, ta sa masa tagogi shida na gilashi. Jikinsu ba ƙarfe ba ne, ba kuma katako ba, farar roba ce mai tauri da ake kira PVC, dangin wadda ake yin bututun ruwa da ita. A nan ne kaɗai yaro ke iya zama cikin watan Janairu, taga a rufe, haske yana zubo masa a kan littafi. Akwai wata yarinya a ajina mai ciwon fuka. Ranar da hazo ya yi nauyi can nake tura ta da aikinta, ta zauna har a tashi ba ta yi tari ba. Ranar da aka buɗe ɗakin an yi jawabai, an yanka ƙyalle, an miƙa wa direkta makulli, motoci suka juya. Babu wanda ya gaya mana yadda ake kula da tagogin, mu ma babu wanda ya tuna ya tambaya.

Shekara uku na farko lafiya lau. Daga nan sai baƙar igiyar roba mai taushi da ke kewaye da kowane gilashi ta fara janyewa daga kusurwoyi, ta bar rata da ɗan yatsa zai iya shiga. A wasu wuraren ta fito tana lilo, yara suka ja, wasu ma suka yanke suka yi danƙo da ita. Sai kuma ƴan siraran sandunan farar roba guda huɗu da ke riƙe gilashin daga ciki suka fara ɗagowa. Kowa ya kawo nasa magani. Ni na cusa guntayen kwali. Maigadi ya ga robar ta bushe, ya shafa mata baƙin mai na babur don ta yi laushi. Wani abokin aikina ya kawo gam mai kamawa nan take ya tsiyaya. Wani kafinta da ya zo gyaran tebura ya taimaka mana da ƙusa biyu, ya buga a sandar da ta fi ɗagowa. Kowannenmu da kyakkyawar niyya ya yi, kuma daga baya na gane kowannenmu ɓarna ya ƙara.

Abin ya kai maƙura wata ranar Talata. Iska ta buga da ƙarfi, sandar gefe ta taga ta uku ta faɗo ƙasa, gilashin ya karkato ciki ta sama. Yarinyar nan mai fuka ce zaune a ƙarƙashinsa. Allah ya sa ina kusa, na tare da tafin hannu, na ce ta tashi. Ina riƙe da gilashin jikina yana rawa, don na san da ya zubo, ba littafi za mu yi asara ba.

Da yammacin ranar kwamitin iyayen yara ya zauna. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a cire tagogin duka, a kira mai walda ya sa na ƙarfe irin na sauran azuzuwa. Ban ga laifinsu ba. Shugaban kwamitin, dattijo ne da jikokinsa huɗu ke makarantar, ya ce: "Malam, abin da ba mu san kansa ba, ba za mu bar shi a kan ƴaƴanmu ba. Ƙarfe mun san shi, in ya lalace mun san ƙofar da za mu buga." Gaskiya ya faɗa. Sai dai na san ranar da aka sa ƙarfe, ɗakin ya zama kamar sauran, kuma kuɗin aikin zai cinye abin da aka tara don alli da littattafan rubutu. Na ce: "Baba, ku ba ni sati biyu. Zan rufe ɗakin, yaro ba zai shiga ba. In ban samo mai gyara ba, ni da kaina zan kira mai walda." Suka amince.

Sati na farko ya tafi a banza. Mai walda ya duba ya ce roba ba ta shan wuta. Kafinta ya ce ba katako ba ne. Na hau mota na je birni wajen masu haɗa tagogin alminiyam, ɗaya ya ce zai zo ya zuba silikon ya liƙe komai, amma kuɗin motarsa da ladansa sun kusa kai kuɗin sabuwar taga. Ina dawowa ina ba da labari a majalisarmu ta shayi, sai wani ya ce ai akwai yaron nan mai sayar da cajin waya a bakin tasha, an ce irin wannan aikin ya yi a Aljeriya kafin a maido su ta Assamaka.

Da na je na gan shi, gabana ya faɗi. Tsohon ɗalibina ne. Shekara goma sha biyar da suka wuce ya zauna a ajina, ya faɗi jarabawar sartifika sau biyu, ya bar makaranta. Ina tuna abin da na rubuta a takardar sakamakonsa, da abin da na faɗa masa a gaban ƴan aji ranar da ya kasa raba lamba uku da lamba biyu. Ba magana ce da zan so a faɗa wa ɗana ba. Shi kuwa da ya hango ni sai ya miƙe, ya rusuna, ya ce: "Mushe, sannu da zuwa. Ina gajiya, ina iyali?" Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce shekara huɗu ya yi a wani shagon haɗa irin waɗannan tagogi, tun yana share ƙasa har ya kai ga ɗora gilashi. Ya ce gobe bayan sallar asuba zai zo.

Bai zo da kaya masu yawa ba: wata faffaɗar wuƙa marar kaifi irin ta masu fenti, ƴar guduma mai kan roba, almakashi, tsohon buroshin haƙori. Ya zagaya tagogin shida yana taɓawa, bai ce komai ba. Da ya iso wajen ƙusoshin sai ya tsaya ya ce: "Mushe, wa ya yi wannan?" Na ce ba ni ba ne, amma kwalin nawa ne. Ya yi dariya.

Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ni kuma na ɗauko littafi ina rubutawa. Gilashin irin wannan taga ba a manne yake da komai ba. Zaune yake a kan wasu ƴan guntayen roba masu tauri da ke ɗage shi daga ƙasan gurbinsa, don kada ya zauna cikin ruwa, kada kuma nauyinsa ya taru wuri guda. Ta waje yana jingine da baƙar igiyar roba da aka cusa a wani tsagi na jikin taga. Ta ciki kuma sandunan nan huɗu ne ke danne shi. Kowace sanda tana da ɗan harshe a tsawonta da ke shiga wani tsagi ya kama, ba ƙusa, ba gam, kuma ita ma tana ɗauke da tata baƙar robar a gefen da ke taɓa gilashi. Ana sa sandunan ta ciki ne don kada ɓarawo ya ɓalle su daga waje ya zare gilashin. Abin da ke riƙe komai shi ne matsi: roba ta waje tana turowa, roba ta ciki tana turawa, gilashi yana tsakiya. Kuma wannan matsin ne ke hana harshen sandar fita daga tsaginsa. Da zarar robar ta bushe ko ta fita, gilashi ya samu wurin rawa, rawarsa kuma ta riƙa girgiza sandar har ta faɗo. Ashe sandar da ta faɗo ranar Talata ba ita ce mai laifi ba. Baƙar igiyar da muka raina muka bar wa yara suna danƙo da ita, ita ce tushen abin.

Ya nuna mini dalilai ɗaya bayan ɗaya. Na farko, waɗanda suka ɗora tagogin sun ja igiyar lokacin da suke cusa ta, don aiki ya yi sauri kuma roba ta isa. Robar da aka ja kuwa a hankali take komawa tsawonta na asali, shi ya sa ta janye daga kusurwoyi. Na biyu, ba duk baƙar roba ce iri ɗaya ba. Mai kyau, wadda ake kira EPDM, tana jure rana da zafi shekaru da yawa. Mai araha kuwa zafi yana tsotse abin da ke sa ta laushi, ta ƙanƙance ta yi tauri. Na uku, man babur ɗin maigadi. Ita EPDM rana ba ta kayar da ita, amma man fetur da danginsa suna kumbura ta su ɓata ta. Inda aka shafa man, robar ta yi laɓo-laɓo kamar tsohon danƙo. Na huɗu, gam ya manne sanda da jikin taga, ƙusa kuma ta tsaga wata, alhali an yi su ne don su riƙa ɗan motsi.

Maganar motsin nan ita ta fi kama ni, har da dare na zauna na bincika na yi lissafi. Farar robar PVC tana miƙewa da zafi fiye da yadda mutum zai zata: wajen milimita 0,07 a kowace mita in zafi ya ƙaru da digiri guda. Wannan ya kai kamar ninki uku na alminiyam, ninki shida na ƙarfe, wajen ninki takwas na gilashi. A ƙasarmu, tsakanin sanyin asubar Janairu da ranar Afrilu da ke dukan taga kai tsaye, bambancin digiri 40 ba abin mamaki ba ne. Ke nan a lissafin takarda, sanda mai mita guda tana iya ƙaruwa ko raguwa da kusan milimita 3, gilashin da take riƙe kuwa ko rabin milimita bai motsa ba. Baƙar robar ce ke shanye wannan saɓani kullum. A Jamus aka fara yin irin waɗannan tagogi cikin shekarun 1950, don ƙasashen da damuwarsu sanyi ne. Suna iya aiki a wurinmu, amma robarsu tana shan wahalar da ta fi ta can, kuma ta fi bukatar a riƙa duba ta.

Akwai abu na biyar da ni ban taɓa lura da shi ba. A ƙasan kowace taga, ta waje, akwai ƴan ramuka dogaye guda biyu. Ya ce: "Mushe, waɗannan su ne indararon taga." Duk ruwan da ya saci hanya ya wuce roba, ta nan yake fita. Namu duka sun toshe da ƙura da gidan zanzaro. Shi ya sa da damina ruwa ke taruwa ya gangaro ta ciki, mu kuma muna zargin magini.

Sai batun samo sabuwar igiya. Ya yanki guntun tsohuwar, kamar tsawon ɗan yatsa, daga inda ba ta lalace ba, ya nuna mini bakin yankan. Siffar da ke nan, wato ƙafar da ke shiga tsagi da leɓen da ke danne gilashi, ita ake nema, domin kowace masana'anta da irin tsaginta. In ƙafar ta yi ƙanƙanta za ta fito, in leɓen ya yi kauri sandar ba za ta shiga ba. Ya ce kada in yarda in saya da ido, in tafi da guntun da kuma sanda guda in gwada a gaban mai shago. A birni ban samu ba. Wani direban mota da ke zuwa Yamai ne ya tafi da samfurin, bayan kwana huɗu ya kawo mana naɗi guda. Na koma wajen shugaban kwamiti na roƙi ƙarin sati, ya ba ni.

Ranar Asabar muka fara, da hantsi. Ya ce ba a wannan aiki da sanyin asuba, don tsohuwar farar roba tana saurin karyewa in ta yi sanyi, ba a kuma yi da tsakar rana lokacin da komai ya miƙe. Kafin ya taɓa komai ya ɗauki fensir ya rubuta a bayan kowace sanda: sama, ƙasa, dama, hagu, da lambar taga. Kowace an yanke ta ne daidai wurinta, in ka musanya sai kusurwa ta ƙi haɗuwa. Ya sa ni na sa safar hannu na dafe gilashin. Ya soka wuƙar a tsakiyar doguwar sanda ta gefe, tsakaninta da jikin taga, ba ta wajen gilashi ba, ya ɗan murɗa. Tsakiya ce ke da saukin lanƙwasa, in ka fara daga kusurwa za ka fasa bakin. Sandar ta yi ƙas ta ɗago, ya bi ta da hannu har ta fita. Ya cire ɗaya gefen, sannan ta ƙasa, ya bar ta sama a ƙarshe don ita ke hana gilashin faɗowa. Muka sauke gilashin mu biyu, muka jingine shi a kan tabarma. Guntayen robar da yake zaune a kansu ya ce in lura da inda kowanne yake, don can za su koma.

Muka zare tsohuwar igiya, muka bi tsagin da buroshi da ruwan sabulu har ƙasar shekara bakwai ta fita. Ramukan ruwa muka zura musu waya, muka zuba ruwa da buta muka ga ya fito ta waje. Sabuwar igiyar ya jiƙa ta a ruwan ɗumi mai ɗan sabulu don ta yi laushi ta yi santsi. Ya ce sabulu kawai, ko man silikon in akwai, ban da kowane irin mai na inji ko man shafawa. Ya fara cusawa daga tsakiyar sama, domin mahaɗar ta kasance inda ruwa ba ya kwanciya. Yana dannawa da babban yatsa, yana ɗan tura ta baya wajen inda ya fito. A kowace mita ya bar rarar kamar santimita guda ya cushe ta ciki, saboda ko ta ƙanƙance nan gaba kada ta bar rata.

A taga ta biyu ya ce in gwada. Na kama, na ga abin da sauƙi, na yi sauri. Kafin in kai kusurwa ta biyu ya dafa hannuna ya ce: "Mushe, kana ja." Na ce ban ja ba. Bai yi gardama ba. Ya zare abin da na sa, ya ajiye shi a kan tebur kusa da ma'auni, muka tsaya muna kallo. A gaban idona robar ta koma baya da kusan santimita biyu. Ya ce: "Ba komai, kowa haka yake farawa. Ni sai da na yi wata guda maigidana yana zare nawa. A sake." Na sake, ya zare. A karo na uku ya bi da yatsa ya ce ya yi.

Ina tsaye da roba a hannu sai maganar da na faɗa masa shekara goma sha biyar baya ta dawo mini. Ni sau nawa na ce masa a sake? Da muka zauna shan ruwa na ce: "Ɗana, akwai maganar da na taɓa faɗa maka a aji, ban kyauta ba. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai ya ce: "Haba Mushe, wallahi ba komai. Ai awon da nake yi da milimita a wurinka na fara jin sunansa." Ban sani ba ko ya faɗa ne don ya sanyaya mini rai. Na dai karɓa.

Maida sanduna shi ma da tsarinsa. Bayan gilashi ya koma kan guntayensa, gajerun ake fara sawa, ta sama sannan ta ƙasa. Dogayen su ne na ƙarshe: a sa bakin sama da na ƙasa a kusurwoyinsu, sandar ta yi baka kamar ta maharbi, sannan a bi ta da gudumar roba a hankali daga bakuna zuwa tsakiya har a ji ta kama. In babu gudumar roba, a ɗora guntun katako a buga a kansa. Ana bugun sandar ne ta nufin tsaginta, ba ta nufin gilashi ba. Da ya gama ya buga gilashin da tafin hannu. Shiru, ko motsi.

Akwai kuma wata robar dabam, wadda ke kewaye da marfin taga inda yake haɗuwa da jikinta in an rufe. Ita ya gwada ta da takardar littafi: a rufe taga a kan takardar, a ja. In ta fito salin alin, robar ba ta danne ba, ƙura za ta bi nan. In ta riƙe, lafiya. Muka bi kowane gefe haka, muka sauya inda ya kamata.

Ba duka muka ci nasara ba. Sandar da aka buga wa ƙusa ta tsage, wadda aka zuba wa gam kuma ta karye wajen cirewa. Taga ta shida ma mun gano an taɓa sauya gilashinta da wanda bai kai na asali kauri ba, shi ya sa tun can take rawa, don sanda da roba an auna su ne da kaurin gilashi. Muka ɗauki sandunanta masu lafiya muka cike na sauran, da yake girmansu ɗaya, ita kuma muka rufe ta da falanki kafin a samo nata. Har yau tana nan a rufe. Amma biyar sun dawo kamar ranar da aka yanka ƙyalle. Duk abin da aka kashe, da kuɗin roba da na direba da ɗan abin da muka tilasta wa yaron ya karɓa, bai kai kuɗin tagar ƙarfe guda ba. Shugaban kwamiti ya zo da kansa ya girgiza kowane gilashi da hannunsa, sannan ya ce a buɗe wa yara.

Abin da ya sa na rubuta wannan shi ne na san ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ke yawo a makarantu da gidajen likita na karkara ya ga famfon da ya tsaya saboda ƴar roba guda, ya ga faifan hasken rana da ƙura ta rufe, ya ga ƙofar da aka ɗaure da waya. Mukan ce kayan ba su da ƙwari, ko mu ce mutanenmu ba su iya riƙo ba. A namu ɗakin dai ba ko ɗaya ba ne. An ba mu abu ba a ba mu saninsa ba, mu kuma kunya ko sakaci ya hana mu tambaya. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tamu ta fara da ratar da ba ta fi ɗan yatsa ba, muka zuba mata ido shekara huɗu.

Saboda haka ina kira ga ƴan uwana malamai da direktoci da kwamitocin iyaye: ranar da za a miƙa muku makullin sabon gini, kafin a tafa, ku tambaya. Wane irin kaya ne wannan? Me ke fara lalacewa a jikinsa? Ina ake samunsa? Ku roƙi a bar muku ƴan mitoci na igiyar robar da sanda ko biyu, ku adana a ofis inda rana ba ta kai. Ku sa ma'aikacin ya cire sanda guda ya maida a gaban mutum biyu na garin. Wannan ba zai ɗauke shi rabin awa ba. Su ma masu kawo ayyukan, ya kamata su sani cewa ginin da babu mai iya gyara shi a garin, rabinsa kawai aka gama. Sannan mu duba cikin garuruwanmu. Matasan da suka dawo daga Aljeriya da Libiya da Najeriya, da yawansu sun dawo da sana'a a hannu, muna wuce su a bakin tasha ba mu taɓa tambayar abin da suka iya ba.

Yanzu mun buɗe ɗan littafi a ɗakin karatu. Sau biyu a shekara, farkon Nuwamba kafin hunturu da ƙarshen Mayu kafin ruwa, ƴan CM2 suna wanke robar da ruwan sabulu, su zura waya a ramukan ruwa, su yi gwajin takarda, su rubuta abin da suka gani. Duk wanda ya ga kusurwa ta fara janyewa, ya faɗa a ranar. Lissafin miƙewar roba kuwa ya shiga darasina na awo, kuma na ga yaran da ba sa son lamba mai waƙafi suna rige-rigen zuwa allo, tunda tagar tana nan suna ganinta. Tsohon ɗalibina ya zo sau ɗaya ya nuna musu yadda ake cire sanda. Da zai shiga aji ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran izini kamar da. Na ce ya shigo, na ba shi kujerata.

Jiya hazo ya sauka tun da safe, har ba a ganin bishiyar bedi da ke bakin ƙofar makaranta. Na tura yarinyar nan ɗakin karatu da littafinta. Da aka tashi na leƙa, na tarar ta gama aikinta tana karanta wani littafin labarai, teburin gabanta fes. Saura taga ta shida. Direban Yamai ya ce sati mai zuwa zai sake tafiya, na riga na ba shi guntun sandar a cikin ambulan. Allah ya sa a dace.